Bakwai Tsakanin Hisabi, Nassi da Al'ada

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, tun bai iya ƙirga yatsunsa ba ya riga ya faɗa hannun bakwai, domin a kwana na bakwai aka raɗa masa suna aka yanka ragonsa, ayoyin Fatiha bakwai ne suka fara hawa allonsa, yana shekara bakwai aka umurce shi da salla, ran da ya kwanta dama kuma danginsa za su taru sadakar bakwai. Yawan haɗuwa da wannan adadi ya sa wasu suke zaton akwai wani sirri a cikin zatinsa. Abin da nake gani shi ne bakwai iri-iri ce, akwai wadda hisabi ya tilasta, akwai wadda nassi ya aza, akwai kuma wadda mutane suka ƙaga don sauƙin hadda, kuma cuɗanya su wuri ɗaya shi ne asalin ruɗanin.

Ga masana hisabi bakwai adadi ne mai taurin kai. Tsakanin ɗaya da goma, ita kaɗai ce ba ta rabuwa ga wani adadi in ban da ɗaya, ba ta kuma raba wani adadi in ban da kanta. Biyar ma, duk da kaɗaicinta, tana da goma. Da'ira, wadda magabata suka kasa zuwa daraja 360, tana rabuwa daidai ga kowane adadi daga ɗaya zuwa goma sai bakwai, wadda ke ba da 51 ta bar saura uku. In aka raba ɗaya gida bakwai, sai a sami 0.142857, lambobin nan shida suna ta zagayowa ba iyaka, in kuwa aka riɓanya 142857 sau bakwai sai 999999 ta fito. Masana handasa sun daɗe suna neman zana siffa mai gefe bakwai daidaitattu da mistara da birkari kaɗai, har sai da Gauss, sannan Wantzel a 1837, suka tabbatar cewa ba ta yiwuwa. Ko mako bai daidaita da komai ba: shekarar wata mai kwana 354 mako hamsin ce da kwana huɗu, ta rana kuwa mako 52 da kwana ɗaya. Amma duk da haka Bahaushe ya karɓe shi hannu biyu tare da Musulunci, har yakan ce bakwai biyu yana nufin mako biyu, ya kuma ciro Ladi da Talatu da Balarabe da Asabe daga sunayen ranakunsa.

Wurin da wannan taurin kai ya fi ƙayatar da ni shi ne ilmin fara'il. Kasonnin gado da aka ƙayyade shida ne, wato rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi, babu subu'i a cikinsu. Sai ga mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba uba: miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, in aka kasa dukiyar gida shida nasa uku ne nasu huɗu, jimla bakwai, haƙƙoƙi sun fi dukiya yawa. An ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar irin wannan mas'ala ta fara aukuwa, aka yi hukunci da abin da ake kira aulu, wato a kasa dukiyar gida bakwai domin tawayar ta shafi kowa gwargwadon rabonsa. In shanu 42 ta bari, miji zai karɓi 18 maimakon 21, su kuma 24 maimakon 28. Ibn Abbas ya saɓa, amma mazhabobi huɗu sun tafi a kan hukuncin Umar. Wannan bakwai lissafi ne ya haife ta, kuma kowane alƙali yana iya bayyana dalilinta.

Bakwai ta nassi dabam take. Ɗawafi zagaye bakwai ne, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa bakwai, kowace jamra tsakuwa bakwai, sujada a kan gaɓoɓi bakwai, kuma budurwa tana da kwana bakwai wurin angonta, bazawara uku. A nan malamanmu na Malikiyya sun nuna ladabin da ya kamata a koya. Da suka zo hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallage a cikinta, Shafi'iyya suka ce saboda najasa ne, Imamu Malik kuwa, da yake yana ganin kare mai tsarki ne, ya ce wankin ta'abbudi ne, wato umurni ne da ake bi ko da hankali bai riski illarsa ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin da najasa ce manufa, da an tsaya inda ta gushe, ko a wanki na biyu ko na goma. Ko ƙirgar kwanan suna fiƙihu ya tsare ta: ba a lissafa ranar haihuwa in bayan alfijir aka haihu, shi ya sa wanda aka haifa Litinin da hantsi sai Litinin ta zagayo ake sunansa.

Saura ta uku, kuma ita ce mai bukatar hattara. Ibn Mujahid, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 324 bayan Hijira, ya zaɓi makaranta Alƙur'ani bakwai, sai jama'a suka ɗauka ƙira'o'insu su ne haruffa bakwai da hadisi ya ambata, har malamai suka yi fatan da ya rage ɗaya ko ya ƙara ɗaya, kafin Ibn Jazari ya tabbatar da goma. Haka nake kallon Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Labarin Bayajida taska ce ta tarihin yadda sarakuna suka ga zumuncinsu, ba na kuwa raina shi. Amma jerin da ya ba Biram kujera ya tura Kabi ta Kanta da Zamfara cikin Banza Bakwai, alhali mutanensu Hausa suke yi tun kaka da kakanni, jeri ne da aka fara yanke masa adadi sannan aka nemi abin cika shi. Sadakar bakwai ma daga wannan sashe take, al'ada ce, babu nassin da ya ƙayyade ranarta, shi ya sa malamai suke saɓani a kanta.

Ina roƙon malaman makarantunmu, na allo da na boko, duk sa'ad da bakwai ta zo cikin darasi, su gaya wa almajiri wace iri ce daga cikin ukun nan.