Watannin da gwamnatin Japan ta haɗiye

Yaron Japan na yau ƙirga kawai yake yi: wata na ɗaya, wata na biyu, har na goma sha biyu. A zamanin kakanninsa kuwa kowane wata da sunansa, kuma yawanci daga gona da yanayi sunan ya fito. Satsuki, na biyar, watan dashen shinkafa ne. Nagatsuki, na tara, lokacin da dare ke ƙara tsawo. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Shiwasu, na ƙarshe. Ana fassara shi da "malamai na gudu", wai malaman addinin Buda ne ke rige-rige gida-gida don addu'o'in ƙarshen shekara. Duk mai riƙe da aji a Disamba, ga tulin takardun jarrabawa, ya san wannan gudun.

A ƙarshen 1872 gwamnatin Sarki Meiji ta ajiye kalandar wata, ta ɗauki ta Turawa. Ranar da za ta zama 3 ga watan 12 sai ta wayi gari 1 ga Janairun 1873. An ce don a tafi daidai da Turai ne, amma akwai zancen kuɗi a ƙasa. Tsohuwar kalandar takan ƙara wata guda kusan duk shekara uku don kada lissafi ya rabu da lokacin noma, kuma 1873 mai wata 13 ce. Baitulmali ya bushe, ga ma'aikata an fara biyansu wata-wata. Da aka canza, watan ƙarin ya ɓace, Shiwasu kuma da ya yi kwana biyu kacal ba a biya shi ba. Albashin wata biyu ke nan.

Sai tsofaffin sunaye da bukukuwa suka hau sababbin watanni, suka riga lokacinsu da wajen wata ɗaya. A bikin Tanabata, 7 ga watan bakwai, yara kan rubuta burinsu a ƴan takardu su rataye a reshen gora, suna duban taurari biyu da aka ce sau ɗaya suke haɗuwa a shekara. To 7 ga Yuli yakan faɗo cikin daminar Japan, gajimare ya rufe sama. Mutanen Sendai suna nasu daga 6 zuwa 8 ga Agusta, kuma a ganina su ne da gaskiya. Haka Obon, bikin tunawa da magabata: Tokiyo ta bi sabon lissafi tana yi a Yuli, yawancin ƙasar sai tsakiyar Agusta.