Daga malfa zuwa man bilicin: tarihin fatarmu da ranar ƙasar Lafiya

Yawancin kakanninmu da suka gangaro ƙasar Lafiya daga Kano, Zazzau da Katsina, fatauci ne ya kawo su. Wasu gishirin Keana da na Awe suka biyo, wasu kuma suna kan hanyar Binuwai ne suka ya da zango, zangon ya zama gida. Tafiya ce ta ƙafa da jakuna, wata da watanni, kuma da rani ake yin ta don damina ba ta barin hanya. Duk wanda ya san ranar watan Maris a nan Kwandere, bayan hunturu ya wuce ruwa bai sauka ba, ya san abin da fatar mutanen nan ta sha. Amma ba mu taɓa jin dattawa sun ce falke ya dawo da kumatu a ƙone ba, irin ƙunar da muke gani yau a fuskar yaran da ko Shabu ba sa zuwa a ƙafa.

Dabararsu ta farko rufi ce. Malfa mai faɗi da ake saƙawa da kaba tana yi wa fuska da wuya da kafaɗa inuwa, mutum na tafe da rumfarsa a ka. Ga rawani da amawali, ga riga mai yalwa da iska ke ratsawa. Akwai ma wani abin da ya kamata matasanmu su sani. Garin Kura, kusa da Kano, ya yi suna wajen rina turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura, wanda ake bugawa da shuni har ya riƙa ƙyalli. Baturen nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har cikin Sahara. Buzayen Agadas kan saye shi da tsada, shunin ya zuba a fuskarsu ya rine ta, su kuma ba sa gaggawar wankewa, don a wurinsu alamar wadata ce kuma kariya ce daga rana. Wato an yi zamanin da mutum ke kashe dukiya a kan tufar da za ta ƙara masa duhu.

Ta biyu mai ne. Man kaɗe, man shanu, da alayyadin da ke zuwa daga kudu. Masana na cewa man kaɗe ba ya tare rana sosai, aikinsa shi ne hana bushewa da kaushi da faso lokacin hunturu. To ai dama tsofaffinmu ba su ɗora masa abin da ya fi haka ba.

Kada kuma mu yi wa tarihi ƙarya mu ce son hasken fata baƙo ne a wurin Bahaushe. Kirarin "farar mace alkyabbar mata" ya girmi kowane kanti. Sai dai hasken da ake nufi a da na inuwa ne. Macen da ke cikin kulle, ba ta gona ba ta talla, fatarta kan yi laushi ta yi haske, ganinta kuwa shaida ce cewa mijinta ya iya riƙo. A ƙasa irin wannan, inda mata da yawa ke wuni a gonar doya da rogo, bambancin ya fi fitowa fili. Amarya ma haka ake mata: a sa ta a lalle, a ɓoye ta a ɗaki kwanaki, a yi ta murza mata jiki. Daga baya dilka da halawa da kurkur suka shigo daga Sudan ta hanyar Barno. Duk waɗannan iyakarsu su cire dattin rana su mayar da mace launin da aka haife ta da shi. Baƙa ta fito baƙa mai sheƙi, wankan tarwaɗa ta fito wankan tarwaɗa.

Layin dogo ya ratso Lafiya a shekarun 1920, kantunan Turawa suka kawo sabulun ƙamshi da hoda da basilin. Man da ke sauya launi kuwa sai bayan samun 'yancin kai ya bazu, ta tallan mujallun Legas, ya ƙara ƙarfi da kuɗin man fetur na shekarun 1970. Har mawaƙin nan Fela ya yi wa masu shafa shi waƙar zambo a 1976 mai suna Yellow Fever. A unguwanninmu abin ya yi jinkirin isowa. Mu da muke zaune a kasuwa mun ga shigowarsa sannu a hankali, daga kwalba ɗaya a ƙasan tebur har ya samu gurbi a akwatin lefe. A ganinmu finafinan kaset da hotunan waya sun taimaka, amma babban mai laifi bakin maza ne. Saurayin da ke cewa shi fa fara yake so ko mayya ce, shi ya buɗe wannan kasuwa.

Ga inda lissafin ya juye. Duhun fata wani sinadari ne da jiki ke yi, likitoci na kiransa melanin, aikinsa tare zafin hasken rana kada ya lalata abin da ke ƙasa. Mayukan nan da abu uku suke aiki: haidurokwinon da ke hana jiki yin wannan sinadari, zaiba mai cutar da ƙoda, da magungunan sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana. Sai a ɗauki yarinya mai tallan awara ko mai zama a rumfar kwano a kasuwar Lafiya, a cire mata malfar da Allah ya halitta mata a jiki, a tura ta cikin rana. Shi ya sa ake ganin kumatu sun yi baƙi kamar an ɗora garwashi, gaɓoɓin yatsu sun ƙi bin sauran jiki, ga nankarwa, ga warin da turare ba ya rufewa. Ma'aikatan asibiti kuma na kukan cewa irin wannan fata ba ta riƙe ɗinki da kyau in an yi tiyatar haihuwa. Malamanmu kan tuna mana cewa aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin launukan mutane cikin ayoyin Ubangiji, amma ko ba a kai ga wa'azi ba, fatar da kanta tana ba da shaida.

Hukumomi sun farga, ko da yake a makare. Afirka ta Kudu ta hana haidurokwinon a kayan shafa tun 1990, Kwaddibuwa ta bi a 2015, Gana a 2016. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sai dai kasuwa ta riga doka gudu. Abin da ke tashe yanzu shi ne "haɗi", wanda ake zubawa a robar da ba suna ba lamba, a kira shi na gargajiya, alhali mai haɗawar ma ba ta san adadin abin da ta zuba ba. Har jarirai an fara shafa wa.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa, likitoci na ba da shawarar ta je a duba ta kafin ta yanke, musamman in man mai sitiroyid ne, domin barinsa farat ɗaya kan tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. A watannin da fata ke farfaɗowa kuwa sai ta guji ranar tsaka, ta riƙe lema ko mayafi mai kauri, in da hali ta sayi man kariyar rana a kantin magani. Irin man ne zabiyoyin cikinmu ke bukata kullum, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyayensu.