Tabon Rana da Damanar Damargu

Duk wanda ya san kwarin Tarka ya san a nan ne noma ke ƙarewa, kiwo ya fara. Dokar Nijar ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wannan yanki, kuma ruwan da ke sauka a Tanut da Belbeji, a ƙasar Damargu, ba kasafai yake haura milimita 300 a shekara ba. A irin wannan wuri, ruwa biyu ko uku na watan Agusta su ne tsakanin cikar rumbu da kai bisashe kasuwa. Dole mutane su nemi alamar da za ta gaya musu tun da wuri yadda damana za ta kasance. Cikin alamun da wasu ƴan boko ke kawowa akwai tabon rana: wai fari yana bin zagayen shekara 11 da rana ke yi. Wannan maƙala tana cewa hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma inda motsin rana ke taɓa mu da gaske wani wuri ne dabam.

Tabon rana wuri ne a fuskar rana inda ƙarfin maganaɗisu ya cunkushe har ya hana zafin ciki tasowa. Fuskar rana na da zafin digiri 5,500 a ma'aunin Selsiyos, tsakiyar tabon kuwa wajen 3,500, shi ya sa yake fitowa baƙi. A 1843 Bajamushe Heinrich Schwabe ya bayyana cewa yawan tabban na hawa da sauka cikin kusan shekara goma, daga baya aka daidaita lissafin a kan 11. Har yau ana ƙirga su kullum, cibiyar tattara ƙidayar tana Burasel ta ƙasar Beljiyam. Babban tabo ba ya ma buƙatar na'ura. Idan hazo ya yi kauri da la'asar sakaliya, rana ta koma kamar faifai fari, ana iya hango ɗigo a jikinta. Ta haka masana a ƙasar Sin suka rubuta shi tun kafin a ƙera na'urar hangen nesa. Kada dai wani ya gwada, domin kallon rana kai tsaye na ƙona ido ko da hazo. Gungun tabon da ya bayyana a Mayun 2024 ya kai faɗin kilomita 200,000, wato a jera duniyarmu goma sha biyar.

Haɗa tabo da amfanin gona tsohon zance ne. William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus, ya kwatanta yawan tabo da farashin alkama a Ingila a 1801. A shekarun 1870 masanin tattalin arziki Stanley Jevons ya ɗora faɗuwar kasuwanni a kan zagayen rana. A 2013 Jeffrey Love ya sake auna da'awar Herschel da dogon jerin alƙaluma, bai sami alaƙar da ta wuce dace ba.

Mu gwada da namu tarihin. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo lokacin da tabo ya yi ƙasa ƙwarai. Shekarun 1950, da dattawan Damargu ke tunawa da su saboda yalwar hatsi, sun haɗu da zagaye mafi ƙarfi da aka taɓa ƙirgawa, wanda ya kai ƙololuwa a 1957 zuwa 1958. Mai gaggawa zai ce magana ta ƙare: tabo da yawa, ruwa da yawa. To amma zagayen da suka kai ƙololuwa a 1979 da 1989 su ma masu ƙarfi ne, kuma a tsakiyarsu aka yi farin 1984 da ya share garkunan Fulani da Buzaye, ga shekarun gabaninsa da bayansa duk a bushe. Zagayen da ya kai ƙololuwa a 2014 shi ne mafi rauni cikin kusan ƙarni guda, alhali a lokacin ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo. Ambaliyar Yamai ta 2020 ta zo watanni kaɗan bayan rana ta yi lif a Disamban 2019. Ruwan 2024, wanda ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram a watan Satumba, ya zo rana na kan ganiyarta. Alamar da ke nuna ambaliya a sama, ta kuma nuna ta a ƙasa, ba ta da abin da za ta gaya wa manomi.

Dalilin ma a bayyane yake. Tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna hasken da ke isowa daga rana, wajen wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita, kuma abin da yake canzawa a tsawon zagaye bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Gaskiya ne cewa hasken da ke bayan shuɗi, wanda ido ba ya gani, yana canzawa fiye da haka, yana kuma ɗumama saman iska. Akwai masana na ƙwarai da ke bin sawun ɗan tasirinsa a kan yanayi, kuma ba a rufe wannan ƙofa ba. Sai dai bai kai a gina hasashen damana a kansa ba. Abin da bincike ya fi ƙarfafawa teku ne. Folland da Palmer da Parker a 1986, sannan Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, sun nuna cewa ruwan Sahel na bin bambancin ɗumin tekuna: idan kudancin Atilantika da tekun Indiya suka fi arewa ɗumi, iskar damana ba ta hawowa sosai. Hasashen da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, ke fitarwa kafin shuka, a kan irin wannan ma'auni yake tsaye.

Inda rana ke da hannu dumu-dumu shi ne can sama da kilomita 80, inda haskenta ke cika iska da lantarki. Idan ta yi tartsatsi da rana tsaka, rediyon gajeren zango da makiyayi ke rataye da shi na iya ɗaukewa ɗif na wasu mintuna, ya yi ta murɗa shi yana zargin batir. Guguwar maganaɗisun da rana ta tayar a 13 ga Maris 1989 ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada awa tara. A Fabrairun 2022 wata ƙarama ta kayar da sababbin taurarin ɗan'adam na Starlink kusan 40. Ta 10 ga Mayun 2024, mafi ƙarfi tun 2003, ta rikita GPS na taraktocin manoman Amurka ana tsakar shuka.

Mu kuma matsayinmu na musamman ne. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Afirka ta Yamma kudu da Damargu, kuma a kansa, a tsayin kusan kilomita 105, wani kogin lantarki ke kwarara gabas kowace rana. Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da nazarinsa tun yana Jami'ar Ibadan. Bayan faɗuwar rana iskar wannan yanki kan yi kumfa mai wargaza saƙon GPS, abin da ya shafi jirgin sama da mai awon fili da direban da ke bin hanyar Agadas. Amma na'urorin da ke auna wannan a Afirka ba su taka kara sun karya ba in an kwatanta da Kudancin Amurka ko Indiya, don haka yawancin ƙa'idojin da ake amfani da su an gina su ne da alƙaluman wasu wurare.

Tashar awo irin wannan ba ta buƙatar katafaren madubi. Ma'aunin maganaɗisu ne, da mai karɓar saƙon GPS na bincike, da faifan sola, da ɗaki nesa da ƙarfe da wayoyin wuta. Irin wannan sarari Tarka na da shi har ya yi yawa. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ita ce mafi kusa, kuma ita ya kamata ta nemi a kafa tashar, ta ɗora ɗalibanta na kimiyyar lissafi da fiziks a kan karanta alƙaluman. Manomin Belbeji kuwa, in yana son labarin damana, ya saurari hasashen ma'aikatar yanayi.