Man gyaɗa

man gyaɗa (suna, namiji): Mai da ake tatsa daga soyayyar gyaɗa. A gida mata kan niƙa gyaɗar, su murza ta da ɗan ruwan zafi har mai ya taso, tunkuzar da ta rage a soya ta zama ƙuliƙuli. Shi ya sa ake kuma ce masa man ƙuli. Da shi ake toya ƙosai da waina, a shafa wa tsire, a zuba wa ɗanwake da garau-garau.

Cikin mayukan girkin da aka saba da su, shi ya fi cancantar zama na yau da kullum. Kitse mai daskarewa, wanda likitoci ke dangantawa da toshewar jijiyoyin jini, bai kai kashi 20 cikin 100 nasa ba, alhali a manja ya kusa rabi. Man gyaɗa yana da bitamin E, yana kuma jure wuta, musamman tatacce na kamfani. Masu fifita manja kan ce nasu ne ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma gaskiyarsu ce. Amma zogale da karas da alayyafo na cike wannan gurbi. Sukar da ta fi nauyi a kan man gyaɗa ita ce ta afalatoksin, dafin da ke cikin gyaɗar da ta yi funfuna, mai lahanta hanta. Sau da yawa wannan laifin ajiya ne: a busar da gyaɗa sosai, a tsince ruɓaɓɓiya kafin niƙa. Batun ƙiba kam, man gyaɗa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, domin cokalin cin abinci ɗaya na ɗauke da kalori wajen 120.