Fijo 504: Injin Tsere da Injin Tasha

Kafin motocin Japan su cika babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogondutsi zuwa Birnin Ƙonni, Peugeot ce sarauniyar tasha. Mutanen Arewa sun san Fijo 504 da ɗaukar buhunan gero da wake, amma tana da wani tarihin a fagen tsere.

An fito da ita a Faransa a 1968. A 1975 ta lashe gasar Safari a Kenya, Ove Andersson na tuƙi, ta kuma cinye gasar Maroko da ta Bandama a Kodebuwa. A shekarar ce aka fara harhaɗa ta a Kaduna, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata har a garuruwan bakin iyaka.

Sai dai injin da ya ci gasa daban yake da na tasha. Na tsere ana sa masa fistan mai matse iska da fetur sosai, a gyara shi yadda ƙarfinsa ba ya fitowa sai yana juyi da sauri. Irin wannan yana buƙatar mai mai kyau, kuma bayan 'yan kwanaki na gasa sai a sake kwance shi. Na tasha kuwa, mai silinda huɗu da girman cc 1971, yana iya jan kaya a hankali cikin rairayi, ya yi shekaru yana aiki. Babban sirrinsa shi ne hannun rigar silinda da ake zarewa: idan ta cinye, bakanike ya cire ta ya sa sabuwa da fistan da zobba, inji ya dawo kamar jiya aka saye shi.

Don haka mai son tada tsohuwar Fijo a Dutsi ko Tibiri ya yi hattara da kayan tsere. Fistan mai matsi da fetur ɗin kwalba na bakin hanya ba sa shiri: inji zai riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, ya ƙone. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Darajar wannan mota a Arewa ta fito ne daga kai mutane kasuwa da dawo da su gida lafiya.