Ɗakin da ke Mayar da Magana: Daga Harvard zuwa Zaurukan Haɗeja

A shekarar 1895, Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe sabon zauren lacca a gidan adana kayan fasaha na Fogg, sai aka tarar ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa. Kalma ɗaya takan yi fiye da sakan 5 tana kai-komo tsakanin bango da rufi, har ta hau kan wadda ta biyo bayanta. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, nauyin gyara.

Kayan aikinsa ba su wuce bututun busa da agogon ƙidayar sakan da kunnensa ba. Da tsakar dare, lokacin da gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso kushin-kushin daga zauren Sanders da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa bututun, ya ƙirga tsawon lokacin da amon zai ɗauka kafin ya mutu, sannan su mayar da kayan kafin gari ya waye. Daga wannan wahala ya gano ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: girman ɗaki na tsawaita amsa-kuwwa, kayan da ke shanye sauti kuma na gajarta ta. Da ita aka tsara babban zauren kaɗe-kaɗe na Boston da aka buɗe a 1900.

Abin da Sabine ya yi ta ɗauko da dare, magina da masaƙa tabarma na ƙasar Haɗeja sun daɗe da shi a hannu. Fadamar kogin ta ba su laka, goriba ta ba su kaba. Zauren ƙasa mai kaurin bango da yaɓe mai kaushi, da tabarma da buzu a ƙasa, da asabari a ƙofa, ɗaki ne da ke shanye amo ya kuma warwatsa shi. Shi ya sa dattijo kan yi magana a hankali a zaure, kowa ya ji.

Da bulo da siminti da tayil da gilashi suka shigo, sai gidajenmu suka gaji cutar zauren Fogg. Maigida kan kashe kuɗi masu yawa a kan lasifika, ya kunna karatun Alƙur'ani ko waƙar Shata, ya ji kalmomi na cakuɗewa, ya ɗora laifin a kan na'ura. Mafi yawan lokuta laifin na ɗakin ne.

Yau awon ya yi sauƙi. Ana buƙatar kwamfuta, da makirufo na awo irin UMIK-1, da manhajar REW wadda kyauta ce. A kafa makirufon a inda ake zama, daidai tsayin kunne, nesa da bango. A kashe fanka da janareto, a jira dare kamar yadda Sabine ya yi. Manhajar za ta saki sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, ta zana yadda ɗakin ya amsa. A maimaita awon a wurare uku ko huɗu kusa da kujerar, domin awo ɗaya kan yaudari mutum.

Abu biyu ake dubawa. Na farko, tsawon amsa-kuwwa: a falo, sakan 0.3 zuwa 0.5 ya wadatar. Na biyu, kaurin sautin da ɗakin ke kumbura shi: sauti na gudun kimanin mita 343 a sakan, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 zai riƙa gurnani a wajen hez 43. Wannan gurnani yakan ragu idan an sauya wa lasifika ko kujera wuri. Amsa-kuwwar da ke cinye kalmomi kuwa, darduma da labule mai kauri da kantar littattafai sukan yi maganinta, a kuɗin da bai kai na sabuwar lasifika ba.