Daga dogari zuwa ɗan sanda: horo da harshe a ƙasar Maraɗi

0. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce bin diddigin yadda aka horar da ƙaramin ma'aikacin tsaro a ƙasar Maraɗi, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Da ƙaramin ma'aikaci muna nufin wanda ke bakin ƙofa, wanda talaka ke fara cin karo da shi: dogari a fada, gardi a bariki, ɗan sanda a komisariya. Mun zaɓi garuruwa uku maƙwabta, wato Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, domin a cikin ɗan wannan fili na Gulbin Maraɗi ana samun dukkan tsare-tsaren da za mu tattauna. Hasashenmu shi ne: a kowane zamani an canza abin da ake koya wa ma'aikacin da harshen da ake koya masa, alhali harshen da yake aiki da shi a gaban jama'a bai canza ba. Tazarar da ke tsakanin harsunan nan biyu ita ce abin da ya dame mu.

1. Dogari: horo a cikin fada

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira zuwa arewa, kuma wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar fadar Katsinawa a Maraɗi. Gobirawa kuwa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa tasu fadar a Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, ƴan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi. Fadojin biyu sun zo da tsarin mulkinsu na dā, kuma M. G. Smith ya bayyana na Maraɗi a nazarinsa na 1967 kan zamanin Ɗan Baskore.

A ƙasar Hausa baki ɗaya, dogarai su ne hannun sarki. Su ke tsaron ƙofar fada, su ke kai saƙo, su ke kamo wanda aka kai ƙara, su ke kiyaye kasuwa, su ke miƙa ɗaurarre ga yari. Da yawansu bayin sarki ne ko barorinsa, kuma ɗa yakan gaji ubansa. Ba a san makarantar dogarai ba. Yaro yakan tashi a cikin fada yana bin manya, ya koyi gaisuwa da kirari, ya san wace sarauta ke gaba da wace, ya san gidajen gari da zuriyarsu, ya san yadda ake kiran malami da yadda ake kiran mahauci. Mafi yawan wannan ilimi na baki ne. Dogarin da bai iya isar da saƙo kamar yadda aka ba shi ba, ba ya daɗewa a aiki. Ba mu cewa zamanin ya kuɓuta daga zalunci, domin bulalar dogari sananniya ce. Abin lura a nan shi ne, sarki da dogari da mai ƙara duk harshe ɗaya suke yi, kuma wanda aka yi wa hukunci ya ji kowace kalma da aka faɗa a kansa.

2. Gardi: horon soja

Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa yankin a 1899 da kisa da ƙone-ƙone. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 sun tabbatar da Maraɗi da Tsibiri a ɓangaren Faransa, Katsina kuma a ɓangaren Ingila. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1927 kuma aka maido da mazaunin kumandan daga Tasawa zuwa Maraɗi.

Kumandan ya zo da nasa dogarin, wato garde-cercle. Kunnen Bahaushe ya ji cercle kamar sarki, sai kalmar ta zama gardi sarki, abin da ya dace da yadda jama'a suka fahimci matsayinsa: baran sabon sarki ne. Akasarin gardawan nan tsofaffin sojojin Faransa ne baƙaƙen fata, kuma horonsu shi ne wanda suka samu a soja: fareti, riƙon bindiga, bin umurni, da ɗan Faransancin bariki. Aikinsu shi ne rakiyar masu karɓar lanho, tattara mutane don aikin tilas, da tsaron gidan kaso. Kalmomin lanho da kaso ma daga l'impôt da cachot suka fito, kuma shigarsu cikin Hausar Nijar shaida ce ta inda talaka ya fi haɗuwa da mulkin Nasara. A ƙarƙashin dokar indigénat, kumandan na da ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, a farkon zamanin har tsawon kwana 15. Sai a 1946 aka soke wannan doka tare da aikin tilas.

A wannan zamani ne harshen umurni ya rabu da harshen jama'a. Tsakanin kumandan da mai ƙara aka sami tafinta da gardi, kuma abin da suka ga dama shi ke isa kunnen Bature. Sarakuna kuwa sun ci gaba da riƙe dogaransu, amma aka maida su masu taimaka wa bariki. Lokacin da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi aka komar da shi kan tudu, sabon birnin mai miƙaƙƙun tituna ya zama wurin da hukuma ke iya sa wa ido cikin sauƙi.

Kwatanci da Katsina, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, yana da amfani. A can Ingilishi sun gyara tsarin dogarai suka fitar da ƴan doka na En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarki, kuma Hausa ta kasance harshen aikin hukuma, har da rubutu. Sai a ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Gowon, aka haɗe su da ƴan sandan tarayya. Wato al'umma ɗaya mai harshe ɗaya ta sami gado iri biyu.

3. Ɗan sanda: horo a lakwal

Bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ta riƙe tsarin Faransa mai rassa uku. Gardawa suka zama Garde républicaine, wadda aka sake wa suna FNIS a 1997, sannan Garde nationale a 2010. Jandarmomi, waɗanda sojoji ne ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, aka ba su karkara. Ƴan sanda, ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, aka ba su birane. Saboda haka mutumin birnin Maraɗi komisariya yake zuwa, manomin ƙauyukan Jiratawa kuma yakan fara da mai gari ko sarkin kanto, in abin ya gagara ya tafi wurin jandarma. Fadojin Maraɗi da Tsibiri har yanzu suna da dogarai, kuma dokar 1993 kan matsayin sarakuna ta tabbatar musu da ikon yin sulhu a lamurran gargajiya.

Matakin farko a aikin ɗan sanda shi ne gardien de la paix, wato mai tsaron zaman lafiya. Ana shiga ta hanyar jarrabawar gasa, ana neman takardar shaidar karatun boko, ana auna lafiyar jiki, sannan wanda ya ci ya tafi makarantar ƴan sanda ta ƙasa a Yamai. Horon ya haɗa gadon soja da sabon abu, wato doka: kundin laifuffuka da kundin hanyoyin shari'a, waɗanda aka kafa duka biyu a 1961, da ka'idojin hanya, da rubuta rahoto. Wannan ci gaba ne na gaske, domin a karon farko an koya wa ƙaramin ma'aikaci cewa ikonsa na da iyaka rubutacciya. Tsare mutum don bincike, alal misali, yana da wa'adi na awa 48 a ƙa'idar yau da kullum, kuma hafsan da doka ta ba ikon bincike ne ke yanke shi.

Sai dai jarrabawar da darussan da kundayen duk da Faransanci aka tsara su, a ƙasar da yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba a 1960. An ɗauka cewa duk wanda ya ji Hausa kuma ya ji Faransanci zai iya juya ɗaya zuwa ɗaya. Nan ne muke ganin kuskuren.

4. Abin da ke salwanta tsakanin baki da takarda

Ƙaramin ɗan sanda shi ne kunnen farko na shari'a. Sau da yawa shi ke sauraren mai ƙara, shi ke taƙaita wa na gaba da shi, kuma daga wannan taƙaitawa ake gina procès-verbal da alƙali zai karanta. Mirco Göpfert, a littafinsa na 2020 kan jandarmomin Nijar, ya nuna girman wannan aiki na maida rayuwar mutane zuwa harshen takarda. Mu dubi misalai huɗu da muka ƙirƙira don bayani:

(1) Wai shi ne ya buɗe rumbun.
(2) Ya ci mini kuɗi.
(3) Na kawo kuka.
(4) Gonar tana hannunsa tun zamanin babana.

A (1), kalmar wai na nuna cewa mai magana ji ya yi, bai gani ba. Faransanci na da hanyoyin nuna haka, amma mai gaggawa yakan yar da ita, sai jita-jita ta zama shaidar ido. A (2), fi'ilin ci ya rufe abubuwan da doka ta rarrabe: sata, zamba, cin amana, ko bashin da ba a biya ba. Ukun farko laifuffuka ne masu hukunci daban-daban, na huɗu kuwa ba ya kai mutum kaso. A (3), kuka da ƙara ba ɗaya ba ne. Mai kawo kuka sau da yawa sulhu yake nema, a ja wa ɗan'uwansa kunne. In aka rubuta plainte, an ɗora shi kan hanyar da bai zaɓa ba. A (4), kasancewa a hannu na iya nufin aro, ko jingina, ko haya, ko saye, ko gado. A wuri kamar Jiratawa, inda fadama ke da daraja kuma aka yi aikin noman rani tun farkon shekarun 1980, bambancin waɗannan kalmomi shi ne bambancin mai gona da marar gona.

Haka kuma bayan la'asar dole ya zama ƙarfe kaza, ɗan'uwana dole ya zama frère ko cousin. A ƙarshe ana miƙa wa mutum takardar da ba ya iya karantawa, ya dangwala yatsa. Dogarin Ɗan Baskore bai san doka rubutacciya ba, amma an horar da shi kan isar da magana. Ɗan sandan yau ya san doka, amma isar da magana an bar wa basirarsa.

5. Kammalawa

Kayan gyara suna nan. An daidaita rubutun Hausa a taron Bamako na 1966, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10, sannan kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma ayyanawa ba ta samar da kalmomi. Muna ba da shawarwari uku. Na farko, masana harshe da masana doka su fitar da ƙamus na kalmomin shari'a, wanda zai rarrabe tsarewar bincike da ɗaurin hukunci, kalmomin da jama'a ke haɗa su duka a kaso. Na biyu, fassarar baki da rubutun Hausa su zama darasi mai jarrabawa ga ɗalibin ɗan sanda, haka ma Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaƙ da Barbarci ga wanda za a tura yankunansu, don kada a maimaita wa masu waɗannan harsuna abin da aka yi wa Bahaushe. Na uku, a riƙa rubuta muhimman jimlolin mai shaida da harshen da ya faɗe su, a gefen fassarar. Ga ɗalibanmu kuma akwai aikin gaggawa: tsofaffin dogarai na Tsibiri da Maraɗi da gardawan da suka yi ritaya suna riƙe da kalmomin sana'arsu a ka, kuma ya kamata a naɗe su tun suna da rai.